Yadda ake gano inda sadarwa ta tsaya idan z/VM yana cikin z/VM

Tun daga VM/370 da kamfanin IBM ya sanar a 1972, manhajar VM, wadda take raba kwamfuta ɗaya zuwa na'urorin kwaikwayo da yawa, tana iya ɗaukar wata VM a matsayin baƙo, ita ma ta ɗauki nata baƙin. Har yau haka magajinta z/VM yake, kuma da wannan dabara masu kula da babbar kwamfuta ta IBM Z suke gwada sabuwar fitowa ko gyara kafin su taɓa na'urar da jama'a suke aiki a kanta. Girka hawa na biyu, wato z/VM ɗin da yake cikin wani z/VM, ba shi ne abin wahala ba. Wahalar tana zuwa ne ranar da ka tayar da Linux a cikinsa, ka ba shi adireshi, ka buga ping, ka ji shiru.

Mu da muke wannan aiki daga Garwa, Marwa ko Ngaundere, na'urar ba ta gabanmu. Tana can nesa a wata cibiyar bayanai, mu kuma muna shiga ta VPN da manhajar x3270 ko makamanciyarta. Babu damar tashi a leƙa bayan akwati a ga ko fitilar kati tana ci. Duk abin da za ka sani, daga allo za ka karanto shi. Shi ya sa nake ganin bin tsari ya fi zame mana dole fiye da wanda yake zaune kusa da na'urar: kada ka canja komai sai ka san a wane hawa fakitin ya tsaya. Wanda ya sauya abu biyar a tashi ɗaya, ko da sadarwa ta dawo bai san wanne ya gyara ba, in kuma ta ƙi dawowa ya ƙara wa kansa matsala huɗu a kan ta farko.

Tsarin da za mu yi misali da shi

Hawa na farko sunansa VMDAYA, yana zaune a kan LPAR, wato yankin da aka ware masa a babbar kwamfutar, yana da katin sadarwa na OSA-Express na gaske. A kan katin an kafa VSWITCH, wato akwatin haɗa layi na kwaikwayo, mai suna VSW1. Rauta ta waje tana 10.20.1.1. Baƙi biyu suka dame mu a wannan hawa: Linux mai suna LNXA a 10.20.1.11, da kuma VMBIYU, wanda shi kansa z/VM ne. An ba VMBIYU katin kwaikwayo a lambobi 0600 zuwa 0602, domin katin QDIO kullum lambobi uku yake ci: ta karatu, ta rubutu, da ta ɗaukar bayanai. A cikin VMBIYU akwai VSW2, da Linux mai suna LNXB, wanda nasa katin yake 0700.

Da gangan na ba LNXB 0700. Mutane sun saba sa 0600 a ko'ina, sai ka tarar da 0600 uku a hawa daban-daban, kowa yana magana a kan nasa. Ɗauki takarda ka zana naka tsarin kamar haka, ka rubuta sunan kowane abu, lambarsa, adireshinsa da lambar VLAN ɗinsa, wato alamar da take raba layi ɗaya zuwa sassa, kafin ka buga umarni ko ɗaya.

Mataki na farko: san da wa kake magana

Umarnin QUERY VSWITCH yana aiki a hawa biyun, amsarsa kuma kama take yi da juna. Kafin ka yarda da abin da ka gani, buga QUERY USERID, zai faɗa maka sunanka da sunan tsarin da kake ciki. Sunan yana kuma fitowa a kusurwar dama ta ƙasan allo. Ni tagogi biyu nake buɗewa, ɗaya ga MAINT, asusun mai kula da tsari, na VMDAYA, ɗaya ga VMBIYU, kowace da launinta. Daga cikin Linux kuwa, buɗe /proc/sysinfo. In ka ga layukan VM00 kaɗai, a hawa na farko kake. In ka ga VM00 da VM01, kana cikin hawa na biyu, VM00 shi ne wanda yake ɗauke da kai kai tsaye.

Akwai abin da ya fi shafar mu a nan arewa. Idan ka danna PA1 a allon VMBIYU, kana faɗawa CP READ na hawa na farko, inda CP, zuciyar z/VM, yake jiran umarninka. Matuƙar ba a buga SET RUN ON ba, VMBIYU gaba ɗayansa yana tsayawa cak, da VSW2 da LNXB da komai, har sai ka buga BEGIN. Duk ping da aka yi a wannan lokaci ba zai sami amsa ba, alhali babu abin da ya lalace. Ga kuma na biyu: in rezo ya yanke ko aka ɗauke wuta, kamar yadda ake yi da bazara idan ruwan Lagdo ya ja baya, CP zai ɗauke ka a matsayin wanda ya katse. Baƙon da ya katse yana tsaye a CP READ, bisa saitin asali, bayan minti 15 ake fitar da shi. Ka dawo ka tarar babu VMBIYU kwata-kwata. Don haka tun farko buga SET RUN ON a hawa na farko na VMBIYU, ka sa shi a PROFILE EXEC ɗin da yake tayar da shi, in za ka tashi kuma ka fita da DISCONNECT, kada ka rufe taga kawai.

Mataki na biyu: gada ce ko rauta?

Hanya biyu ake haɗa hawa na biyu da waje, kuma dole ka san wadda kake kai. In gada ce, VSW2 yana ɗaukar 0600 a matsayin katinsa na fita, LNXB kuma yana karɓar adireshi daga rukuni ɗaya da LNXA, misali 10.20.1.21, ƙofar fitarsa 10.20.1.1. In rauta ce, VSW2 ba shi da katin fita, yana da rukuninsa na kansa kamar 10.20.2.0/24, sai a sa TCPIP na hawa na biyu, baƙon da yake riƙe da sadarwar z/VM, ko wani Linux ya tsaya a tsakani da ƙafa biyu, ɗaya a 10.20.1.20 ɗaya a 10.20.2.1.

Matsaloli da yawa daga cakuɗa biyun suke tasowa: an kafa gada amma an ba LNXB adireshin 10.20.2.11, ko an kafa rauta amma an ba shi ƙofar 10.20.1.1 da ba zai taɓa gani ba. In an bar maka zaɓi, a ganina gada ta fi sauƙi ga na'urar gwaji, domin ba ka buƙatar roƙon masu rauta ta waje su ƙara maka komai.

Mataki na uku: hawa na farko

Fara da LNXA. Buga ping 10.20.1.1. In bai tafi ba, matsalar ba ta hawa na biyu ba ce, ka bar VMBIYU ya huta ka nemi masu katin OSA. In ya tafi, koma tagar MAINT na VMDAYA ka buga:

QUERY VSWITCH VSW1 DETAILS

Abu huɗu za ka nema. Na farko, ko katin fita yana nuna Ready. Na biyu, ko salon ETHERNET ne ko na IP. Na uku, ko VLAN Aware ne ko Unaware. Na huɗu, ko VMBIYU yana cikin jerin masu kati da lambar 0600. Rubuta amsoshin a takardarka, za ka buƙace su a gaba.

In VMBIYU ba ya cikin jerin, duba izini da QUERY VSWITCH VSW1 ACCESSLIST. Babu sunansa? Buga SET VSWITCH VSW1 GRANT VMBIYU. Amma ka lura, ba da izini ba ya haɗa kati. Idan VMBIYU ya shigo tun kafin a ba shi izini, katin an ƙirƙira shi amma yana rataye ba a jona shi ko'ina ba. Sai ka je allon VMBIYU, ka danna PA1, ka buga COUPLE 0600 TO SYSTEM VSW1, sannan QUERY NIC 0600 DETAILS don ka tabbatar, sannan BEGIN.

A wurin da RACF, manhajar tsaro, yake riƙe da ajin VMLAN, GRANT ba shi ne mai yanke hukunci ba. Sai mai kula da tsaro ya ba VMBIYU izinin UPDATE a kan SYSTEM.VSW1, in akwai VLAN kuma har da bayanin da yake ɗauke da lambar VLAN ɗin. Kada ka ɓata yini kana maimaita GRANT, tambaye shi tun da wuri.

Mataki na huɗu: shin hawa na biyu ya ga katin?

Abin da VMDAYA yake kira katin kwaikwayo, VMBIYU yana ganinsa tamkar OSA na gaske. A tagar VMBIYU buga QUERY 0600-0602. In ya ce OFFLINE, buga VARY ON 0600-0602. In ya ce FREE alhali gada kake so, VSW2 bai kama katin ba. In ya ce an ba TCPIP shi, to TCPIP ya riga VSW2 ɗauka, su biyun kuma ba za su yi tarayya a lambobi uku ɗaya ba. Ko dai ka cire layin ATTACH daga SYSTEM DTCPARMS ka mayar da TCPIP kan VSW2, ko ka ba VMBIYU kati na biyu daga hawa na farko.

Dalilin da ya fi yawan barin kati a FREE shi ne rashin mai kula. VSWITCH mai katin fita yana buƙatar masu kula, wato na'urorin DTCVSW1 ko DTCVSW2, su kasance a tashe, kuma AUTOLOG1 ne yake tayar da su. To a lokacin girkawa da gyara an saba tayar da hawa na biyu da NOAUTOLOG, hannu ya saba, sai a ci gaba da bugawa. Duba da QUERY CONTROLLER. In babu kowa, buga XAUTOLOG DTCVSW1, ka ɗan dakata, sannan SET VSWITCH VSW2 CONNECT, ka sake duba QUERY VSWITCH VSW2 DETAILS ka ga ko ya koma Ready.

Mataki na biyar: mahaɗar hawa biyu

A nan ne mafi yawan matsalolin gada suke ɓoye, domin kowane hawa in ka dube shi shi kaɗai lafiyarsa ƙalau.

Salo dole ya zo ɗaya. In VSW1 na ETHERNET ne, VSW2 ma ETHERNET. In VSW1 na IP ne, VSW2 ma IP. Ba a canja salon VSWITCH yana tsaye, sai an rushe shi an sake kafawa, don haka VSW2 za ka rushe, ba VSW1 da wasu suke aiki a kai ba. Ka kuma sani cewa salon IP, IPv4 kaɗai yake ɗauka. In kana neman IPv6 ko DHCP ya wuce ta cikinsa, ba saitinka ne ya ɓaci ba, salon ne bai dace ba.

Sai adireshin MAC, wato lambar shaidar kati, wanda ya fi ruɗa mutane. Kowane z/VM yana ƙirƙira wa baƙinsa MAC ta hanyar haɗa wata lamba ta gaba, MACPREFIX, da lambar da yake ƙirgawa daga ƙasa. In ba a saita komai ba, lambar gaban ita ce 020000. Ka ga ke nan idan VMDAYA da VMBIYU duk an bar su a haka, LNXA da LNXB suna iya fitowa da MAC iri ɗaya sak, su kuma haɗu a kan VSW1. Alamar wannan ciwo ita ce rashin tabbas: baƙo ɗaya na hawa na biyu yana aiki, ɗan'uwansa mai saiti iri ɗaya ba ya yi, in an sake tayar da tsarin kuma sai su yi musanya, saboda jerin shigowarsu ya canja. Buga QUERY VMLAN a hawa biyun ka kwatanta. In sun zo ɗaya, sa wa VMBIYU layi kamar VMLAN MACPREFIX 020002 a SYSTEM CONFIG ɗinsa, ka sake tayar da shi. Lambar tana farawa da 02, kuma ka tambaya tukuna kada ka ɗauki wadda wani z/VM a wannan layin yake amfani da ita.

A cikin amsar QUERY VMLAN ta hawa na farko duba kuma kariyar MAC. Idan MACPROTECT yana kunne, VMDAYA ba zai bar VMBIYU ya yi rajistar wani MAC ban da wanda aka ba katinsa ba, alhali aikin VSW2 ke nan, ya shigo da MAC na kowane baƙonsa ta wannan kati ɗaya. Ana iya kashe kariyar ga VSWITCH duka da SET VSWITCH VSW1 MACPROTECT OFF, amma abin da ya fi dacewa shi ne a kashe ta ga katin VMBIYU kaɗai da umarnin SET NIC, sauran baƙi su ci gaba da zama a tsare. Hujjar nasara a bayyane take: sake buga QUERY VSWITCH VSW1 DETAILS, a ƙarƙashin katin VMBIYU ya kamata ka ga MAC ɗin LNXB, mai lambar gaban da ka zaɓa. In ba ya nan, kada ka wuce wannan mataki.

VLAN kuwa, wuri ɗaya ake manna alama. In VSW1 ya ba VMBIYU kafar ACCESS a VLAN 10, to shi ne yake mannawa yana cirewa, VSW2 ya zama Unaware, LNXB ma kada ya manna komai. In kana son VSW2 ya rarraba VLAN fiye da ɗaya ga baƙinsa, sai hawa na farko ya ba shi kafar TRUNK:

SET VSWITCH VSW1 GRANT VMBIYU PORTTYPE TRUNK VLAN 10 20

Wani abu ƙarami: in LNXB yana kai wa rauta ta waje amma ba ya kai wa LNXA, duba layin Isolation a VSW1. In yana ON, an hana baƙi magana da juna ne da gangan.

Mataki na shida: cikin Linux

VSW2 ma yana da nasa izinin da nasa COUPLE, don haka maimaita wa LNXB abin da ka yi wa VMBIYU a mataki na uku. Daga cikin LNXB umarnin vmcp query nic details zai nuna maka ko an jona shi.

Sannan lsqeth. In bai nuna komai ba, duba cio_ignore -l, wataƙila lambobin suna cikin jerin waɗanda aka ce Linux ya yi watsi da su. A cire su da cio_ignore -r 0.0.0700-0.0.0702. Kunna katin da chzdev -e qeth 0.0.0700 layer2=1 in VSW2 na ETHERNET ne, ko layer2=0 in na IP ne. Katin zai fito da suna enc700. Duba ip addr da ip route, ka sa ido sosai a kan /24 ɗin, domin kuskuren lamba ɗaya a nan yana sa Linux ya ɗauka maƙwabcinsa yana nesa, ko na nesa yana kusa.

Yanzu ping, daga kusa zuwa nesa: wani baƙo a VSW2, sai LNXA, sai 10.20.1.1, sai wani abu a bayan rauta. Inda ya fara ƙi, nan ne wurin bincike. Bayan kowane ping da ya ƙi, buga ip neigh. In ka ga INCOMPLETE ko FAILED, ko tambayar ARP, ta neman MAC ɗin maƙwabci, ba ta sami amsa ba, ka koma mataki na biyar. In ka ga REACHABLE amma ping bai dawo ba, gadar lafiya take, sai ka nemi katangar tsaro ko teburin hanyoyi. A salon IP katin ne yake riƙe ARP ba Linux ba, sai ka duba da qetharp -q enc700.

Mataki na bakwai: hanyar dawowa

Wannan na masu rauta ne, kuma a nan na fi so ka natsu.

Shiga TCPMAINT na VMBIYU ka buga NETSTAT DEVLINKS, ka ga ƙafafun biyu suna tsaye. NETSTAT HOME ya nuna 10.20.1.20 da 10.20.2.1, kowanne a kan layinsa. NETSTAT GATE ya nuna hanyar DEFAULTNET tana bi ta 10.20.1.1. Buɗe PROFILE TCPIP a faifan TCPMAINT 198, in ka ga NOFWD a ƙarƙashin ASSORTEDPARMS, an hana TCPIP miƙa fakitin wani ke nan, a cire shi. In Linux ne rautar taka, sysctl net.ipv4.ip_forward dole ya ba da 1, ka kuma duba katangar tsaro, domin da yawa suna zuwa da hana miƙawa, ka duba rp_filter, wanda yake zubar da fakitin da ya shigo ta ƙafar da ba a sa ran sa.

Wani ƙanena a sana'a da yake Marwa ya taɓa turo mini hotunan allo ta WhatsApp, ya yi duk wannan daidai. Ya rubuto: "Yaya, don Allah duba mini. LNXB yana kai wa 10.20.1.20, daga nan ko taki ɗaya ba ya ƙarawa." Na ce masa, "Ƙanena, bar LNXB yana ping, ka shiga LNXA ka buga tcpdump -ni enc600 icmp, ka faɗa mini abin da ka gani." Can ya dawo: "Yaya, ga echo request yana shigowa daga 10.20.2.11, ga echo reply ma yana fita." Fakitin yana isa ke nan, ana kuma amsa shi. Amsar ce take ɓata. LNXA bai san 10.20.2.0/24 ba, sai ya miƙa wa ƙofarsa 10.20.1.1, ita ma ba ta san shi ba.

Kamar ɗan haya ne da ya sa nasa 'yan haya a ɗakunan ciki bai gaya wa maigida ba: su suna iya aika saƙo waje, amma in amsa ta zo zaure aka tambayi sunansu, sai a ce babu mai wannan suna a gidan.

Gwajin da zai tabbatar maka minti ɗaya ne. A LNXA buga ip route add 10.20.2.0/24 via 10.20.1.20. In ping ya fara dawowa nan take, ka kama ɓarawon. Gyara na dindindin kuwa a rauta ta waje yake: a rubuta mata cewa 10.20.2.0/24 yana bayan 10.20.1.20. In za ka nemi wannan daga masu ita, aika musu da rukunin, da adireshin da za a bi, da lambar VLAN, a saƙo ɗaya. Akwai MPROUTE da zai iya sanar da hanyar da kansa ta OSPF, amma ban yarda na'urar gwaji ta riƙa sanar da hanyoyi a layin aiki ba tare da masu layin sun amince ba. Kuskure ɗaya a nan yana iya janyo zirga-zirgar wasu ta faɗo cikin na'urarka.

In VSW1 na salon IP ne, akwai ƙarin shinge. A wannan salo katin OSA da VSWITCH suna miƙa fakiti ne ga adireshin da aka yi wa rajista kaɗai. 10.20.2.11 ba shi da rajista a VSW1, don haka ko rauta ta waje ta turo shi daidai, ba zai sami mai karɓa ba. Sai an ayyana VSW1 da PRIROUTER, an kuma sa PRIROUTER a layin DEVICE na TCPIP, ko route4=primary_router in Linux ne. Kafar OSA ɗaya babbar rauta ɗaya take ɗauka, in wani ya riga ka ba za ka samu ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa in ce a kafa sabon VSWITCH da salon ETHERNET.

Saura kwamfutarka ta hannu. VPN da yawa rukunan da aka rubuta musu kawai suke turawa cikin rami, sauran su bi rezon waya. Sabon rukuninka ba ya cikin jerin, sai fakitin ya fita ta layin MTN ko Orange ya ɓace tun bai bar Kamaru ba. Duba da route print a Windows, ko ip route get 10.20.2.11 a Linux. Kafin a ƙara maka rukunin, shiga ta LNXA da ssh -J.

Mataki na takwas: ping yana tafiya, aiki ba ya tafiya

SSH ya shiga, ka buga umarni mai doguwar amsa, allo ya daskare. Wannan girman fakiti ne. Gwada ping -M do -s 1472 zuwa inda kake so. 1472 da kan ICMP mai 8 da kan IP mai 20 shi ne 1500. In ya ƙi, riƙa ragewa har ya wuce. Wasu saitunan OSA suna zuwa da 1492, masu manyan fakiti suna sa 8992, VPN ma yana cin nasa rabo. Kowane kati a kan rukuni ɗaya ya ɗauki MTU, wato iyakar girman fakiti, iri ɗaya, kuma na hawa na biyu kada ya wuce na hawa na farko. Yi gwajin sau biyu, daga LNXA da kuma daga kwamfutarka, don ka raba laifin VPN da laifin na'ura.

Jinkiri kaɗan kuwa ba ciwo ba ne. Injin yana ɗaukar hawa biyu na umarnin SIE, wanda ake tafiyar da baƙo da shi, da kansa, na LPAR da na z/VM na farko. Baƙin VMBIYU sai an kwaikwaya musu, shi ya sa suka fi nauyi. Kada ka auna saurin layi da su.

In har yanzu ba ka gani ba

Koma ga ƙirge. QUERY VSWITCH DETAILS yana nuna RX, TX da Discarded ga kowane kati. Bar ping yana gudana, ka buga umarnin sau biyu a kowane hawa da ɗan tazara, ka ga wace lamba take motsi. In tana motsi a katin LNXB a VSW2 amma ba ta motsi a katin VMBIYU a VSW1, a mahaɗa ya tsaya. In Discarded ne yake hawa, yawanci VLAN ne ko adireshin da ba a sani ba.

Bayan wannan sai kama fakiti. A hawa na farko ana kafa tarko da TRSOURCE ID T1 TYPE LAN OWNER SYSTEM LANNAME VSW1, a faɗa wa TRSAVE inda zai ajiye, a kunna, a yi gwajin, a kashe, sannan IPFORMAT ya mayar da shi fayil ɗin da Wireshark zai buɗe. Tarkon yana kama zirga-zirgar wasu ma, don haka nemi izini, ka taƙaita shi ga VMBIYU, ka kashe shi da zarar ka gama.

Mayar da gyara na dindindin

Duk abin da ka yi da SET, DEFINE, COUPLE ko ip route add, tashi ɗaya na tsarin zai share shi. Kafa VSWITCH, izininsa ta MODIFY VSWITCH, da layin VMLAN suna shiga SYSTEM CONFIG, wanda tun z/VM 6.2 yake faifan PMAINT CF0. Kowane hawa yana da nasa, ka tabbatar wanda ka buɗe, ka kuma wuce da shi ta CPSYNTAX kafin ka rufe. Katin baƙo yana shiga kundin masu amfani da layi kamar NICDEF 0600 TYPE QDIO LAN SYSTEM VSW1, a kunna shi da DIRECTXA ko ta DirMaint in shi yake riƙe da kundin. Hanyar gwajin da ka ƙara a LNXA, cire ta da zarar an gyara rauta ta waje.

Sannan ka kashe VMBIYU ka sake tayarwa, domin shi ne gwajin gaskiya. Kafin ka buga SHUTDOWN, buga QUERY USERID, ka kuma rubuta umarnin da suna: SHUTDOWN SYSTEM VMBIYU. A kundin hawa na farko, VMBIYU ya kasance mai ajin G kaɗai, yadda ko ka buga SHUTDOWN a CP na VMDAYA bisa kuskure ba zai karɓa ba. Tayar da shi ba tare da NOAUTOLOG ba, kada ka taɓa komai da hannu, ka maimaita jerin ping daga LNXB zuwa waje, sannan daga waje zuwa LNXB, har da na 1472. Daga nan fita da DISCONNECT, ka bar shi fiye da minti 15, ka sake gwada SSH daga kwamfutarka.